Famfon Aro a Gonar Auduga

Shekarun baya, idan za mu jarraba ɗalibin digiri na biyu a fannin cututtukan tsirrai, ganye muke miƙa masa a kan tebur, ya faɗi sunan cutar da Latinanci, mu ba shi maki. Yanzu kuwa sai an shiga gona an zanta da mai ita. Ni ne sanadin canjin a sashenmu, amma ba don wayona ba.

Wata damina muka ce bari mu gwada jarrabawar a fili. Ni da abokin aikina muka kai wata ɗalibata gonar auduga a wajen Gozaki. Wannan jarrabawa kaɗai ta rage mata. In ta faɗi, sai ta jira daminar baɗi. Takardar makin layi uku ce: sunan cuta, abin da ke kawo ta, da magani. Lokaci minti goma sha biyar.

Ina sauka daga mota na hangi ganyen ya murɗe ya tsuke, nan take na yanke hukunci. Na ga irinsa a Sudan, na gan shi a Pakistan: cutar nan ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Har na raɗa wa abokina sunanta da Turanci, na ƙara da Larabci don armashi.

Ita kuwa ko ganye ba ta tsinka ba. Ta durƙusa ta gaida mai gonar, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa. Na duba agogo, minti biyar sun tafi. Na ce a raina, da a Ingila ne da tuni an sallame ta.

"Baba, yaushe ka yi feshi?" in ji ta.

"Sati biyu ke nan, 'yata. Maganin ƙwari."

"Famfon feshin naka ne?"

Dattijon ya yi dariya. "Ina na ga famfo? Na ƙanena ne. Duk unguwarmu shi muke ara."

"Kafin kai, me aka fesa da shi?"

"Maganin ciyawa, a masararsa."

"Ka wanke?"

Ya sosa ƙeya. "Na dai ɗauraye."

Ta sa ya nuna mata inda ya fara, ta bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya tana juya ganye. Na farko sun fi lalacewa, na tsakiya da sauƙi, can ƙarshe inda maganin ya ƙare masa kuwa kore shar. Ta dawo ta tsaya gabana.

"Malam, a yi haƙuri, layin farko ba ni da abin rubutawa. Wannan ba cuta ba ce, ragowar maganin ciyawa ne a cikin famfo. Ban ga farin ƙuda ba, kuma cuta ba ta bin kunya a jere haka."

Abokina ya yi gyaran murya. "Farfesa, da Larabci yaya ake ce wa famfon aro?"

Sai dattijon ya juyo gare ni. "To Malam, in tuge in ƙone?"

Abin da na yi niyyar gaya masa ke nan. Na ce, "Tambayi malamar."

Ta ce ya bar audugarsa, sabon ganye zai fito lafiya, amma nan gaba a wanke famfo da sabulu sau uku. Haka kuwa aka yi. Da kaka ya aiko mana da gaisuwa.

Ranar jarrabawar, a mota, na daɗe ina kallon takardar. In na bi ta yadda take, ɗalibar da ta faɗi gaskiya ta rasa maki, ni da na yi kuskure da harsuna biyu na cinye. Na soke layin farko da biro, na ba ta cikakken makinta.

Har yau in na tuna raɗar nan tawa sai in yi dariya ni kaɗai. Yawon ƙasashe ya koya mini gane ganye da sauri, bai koya mini tsayawa in yi tambaya ba. Tun daga shekarar, layin farko a takardar makin sashenmu ya koma: me ɗalibi ya tambayi manomi? Na yi ritaya, layin yana nan.