Sunan da Inna Hassu ta ƙi kamawa

"Mushe, wannan kam ba ni iyawa."

Inna Hassu ke nan, maƙwabciyata a nan Malbaza. Mushe take ce mini, wato malamin boko. Ingilishi nake koya mata bayan la'asar, don jikokinta da ke Ghana ba su jin Hausa. In an kira waya, sai dai a yi ta kallon juna.

Darasin jiya mai sauƙi ne: ta ce "ina son", ta cika da abin da take so. Ta sa fura, ta sa zuwa Makka, duk daidai. Sai na ce ta sa sunan uban jikokin nata. Na manta shaf ɗanta na fari ne.

"Tun da na haife shi bakina bai kama sunan nan ba. Sai yau, don Turanci?"

Na ce, "To Inna, bar sunan. Ki ce kina son shi kawai."

Ta faɗa a hankali, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ko da Hausa ban taɓa gaya mishi ba. Ɗauki muryata ka tura mishi, tun kunya ba ta dawo ba."

Na tura. Nan take ya kira, ta ƙi ɗauka.

Ku 'yan fari, wa ya taɓa jin wannan daga bakin mahaifiyarsa?