Yadda Na Zama Idon Malam a Gaban Tur

Injin ya riga wahala shigowa gidanmu. Tun Malam, wato mijina, yana aikin tsaron sito a wani kamfanin gyaran jiragen ruwa ya sayo shi a wurin 'yan gwangwan. A amalanke aka kawo shi, ƙarti suka yi ta nishi kafin su tsallakar da shi lambatun ƙofar gidanmu a unguwar New Bell. Tur ake ce masa a Duwala. Inji ne da ke damƙe ƙarfe yana juya shi, kai kuma kana matso da wata 'yar wuƙa tana fere shi kamar rogo, har ya zama yadda kake so. Ba sana'ar Malam ba ce. A wurin aiki yake ganin masu yi, idan an tashi cin abinci ya je ya tsaya kansu yana tambaya, har abin ya shiga ransa.

Ya kafa shi a ɗan ɗakin katako da ke jikin zaure, inda nake tara gawayi a da. Asabar da Lahadi a can yake wuni. Ya yi wa murafen tukwanena mariƙai na tagulla, ya yi wa sandar limamin unguwa hula a ƙasa don kada ta cinye. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni, don ɓawon ƙarfen nan mai murɗewa yana bin takalminsa zuwa tsakar gida, kullum ina cire wa yara shi a tafin ƙafa da allura.

Sai shekarun matsin tattalin arziki, da mutanen gari ke kira kiriz, suka zo. Kamfaninsu ya rage ma'aikata. Wata rana kafin azahar na gan shi ya shigo, ya rataye hularsa, ya nemi ruwan sha, na gane har da shi aka sallama. Daga baya aka shiga kwanakin da ake rufe gari, ba kasuwa ba tasi, sannan darajar sefa ta karye. Kayan gyara da ake saya a manyan kantunan unguwar Akwa suka fi ƙarfin talaka. Wanda a da zai jefar da abu ya sayi sabo, yanzu neman mai gyara yake. Haka teloli suka fara sallama a zaurenmu, da masu injin markaɗe, da samarin nan masu ɗaukar fasinja a babur da ake ce wa bensikin. Abin da Malam ya fara don nishaɗi shi ya koma riƙe gidan.

Muna cikin haka idonsa ya fara yin yana. Bai gaya mini ba. Ni na lura yana fitowa tsakar gida da ma'auninsa, wani ƙarfe mai baki biyu da ƙananan layuka a jiki, yana karkata shi ga rana yana matse ido.

Akwai maƙwabciyarmu, wata Bafulatana daga Garwa mai injin markaɗe, wadda duk layin ke ce wa Dada. Zoben da sandar injinta ke juyawa a ciki ya cinye, Malam ya yi mata sabo. Washegari da hantsi sai ga ta da shi a gefen zane, sandar kuma a hannu.

"Malam, zobe ya yi yawa," in ji ta da Hausarta. "Sanda yana rawa ciki kamar amarya."

Malam ya karɓa ya ba ta haƙuri, ya ce ta dawo da la'asar. Da ta fita ya daɗe zaune a kan benci, sannan ya kira ni. Mu 'yan uwa ne, shi ya sa 'yar kawu yake ce mini.

"'Yar kawu, zo ki ara mini idonki."

Na je ina goge hannu. Ya ɗora bakin ma'aunin a kan sandar injin Dada, ya ce in gaya masa wane layi na sama ya yi daidai da wane na ƙasa. Na yi firamare, na iya lamba, amma sai da ya maimaita mini kafin na gane abin da ake nema. Na karanta masa. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ashe jiya ƙarya idona ya yi mini."

Daga ranar, duk aikin da aka kawo ni ke karanta awo. Shi ya fere, ya tsayar da inji, in auna in faɗa. Amma yanar ba ta tsaya ba. Kafin damina ta fita ya daina ganin bakin wuƙar ma. Da safiyar wata Litinin ya ce mini in matso in riƙe mariƙin tura wuƙar da kaina.

Kafin in taɓa komai sai da ya shafa ni daga kafaɗa zuwa hannu, ya ce in cire mayafi, in cire awarwaro da zobe, in ɗaure ɗankwali tamau in cusa bakinsa ciki, in naɗe hannun riga.

"Wannan abin ba ya jin wayyo," ya ce. "In ya kama gefen mayafi, da ke zai naɗe. Ni ma kin taɓa ganina a nan da babbar riga?"

Ya kama hannuna ya ɗora a kan makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi a bakin injin. Ya ce daga an ɗaure a zare shi, hannun da ya sa shi kada ya sake shi sai ya fito da shi, don in aka kunna da shi a ciki harbo mutum yake. Ya ba ni tabaransa na aiki, wanda ya yi mini yawa har sai da na ɗaure shi da zare ta baya. Sannan ya kunna.

Ƙarfen ya fara juyawa. Na matso da wuƙar da ƙarfi, injin ya yi wani gurnani, ɗakin katakon ya ɗauka. Malam ya ce, "Ja da baya. Wa yake korarki?" Ya ce a ci kaɗan kaɗan, a tsaya a auna, don abin da aka fere ba ya komawa. Na sake matsowa a hankali. Sai ga wani siririn zare na ƙarfe yana fita yana murɗewa, wurin da wuƙar ta bi yana ƙyalli. Na kai hannu zan janye zaren, ya ji motsina ya buge mini yatsu. Ya miƙo mini wata ƙugiya ta waya, ya ce da ita ake ja, kuma sai inji ya tsaya.

Ya koya mini abubuwa da yawa a watannin nan, yawanci da kunne. Yana zaune a benci da carbinsa sai ya ce, "Wuƙarki ta yi ƙasa." In duba in ga haka ne. Ya nuna mini yadda ake sa ɗan fallen gwangwani ƙarƙashinta har bakinta ya zo daidai tsakiyar ƙarfen. In ya ji ƙara mai kama da kukan ɓera ya ce ta dakushe, mu je ga dutsen wasawa. In na ce masa ɓawon ya koma shuɗi, ya ce gudu ya yi yawa, in rage, in ɗiga mai. Tagulla kuwa ba ta son mai, a bushe ake cinta, tana watso tsaki masu zafi a wuyan hannu. Kuma ba a auna ƙarfe da zafinsa, sai ya huce, in ba haka ba gobe ka tarar ya tsuke.

Abin da ya fi damunsa tsatsa ce. Iskar Duwala jiƙe take ko ba ruwa, kwana ɗaya ka bar ƙarfe tsirara sai ka tashi ka ga ya yi ja. Duk yamma sai na share injin da buroshi, na shafe hanyoyinsa da mai, na lulluɓe shi da tsohon zane. Shi kuma ya taso ya bi da tafin hannu yana dubawa. In ya ji tsaki ɗaya ya ce, "'Yar kawu, kin bar mana baƙo."

Da farko a ɓoye muke yi. Masu kawo aiki su ba Malam a zaure, su tafi, ni in shiga ta ƙofar ciki. Wata rana yayansa, wanda ke sayar da yadi a kasuwa, ya shigo ba zato ya same ni da tabarau, hannu baƙi ƙirin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi salati.

"Yanzu har abin ya kai ka sa iyalinka ƙira?"

Malam ya ce, "Yaya, shigo ka zauna. Ba ƙira ba ce, kuma ba ni na sa ta ba, lalura ce ta sa mu duka."

Yaya bai zauna ba. Ya ce da an gaya masa ai da ya san abin yi. Na gaishe shi na koma ciki, ina jin su suna magana ƙasa ƙasa har aka kira la'asar. Bai sake tayar da zancen a gabana ba. Amma shi ne ya yi ta yawo yana tambaya har ya gano wani asibiti a wajen gari inda ake cire yanar ido, kuma shi ya raka ƙanensa can da kansa.

An yi wa ido ɗaya aiki, ɗayan aka ce ya riga ya wuce gyara. Ranar da aka cire masa bandeji ya dawo gida da baƙin tabarau, ya gaisa da 'yan sannu, da suka watse ya wuce ɗakin tur. Na bi shi. Ya daɗe yana kallo. Tun yana fama da idon na riga na sauko da ƙusoshin rataye kaya zuwa inda hannuna ke kaiwa, na sa wani katako a ƙasa da nake takawa don in ƙara tsawo. Ya ɗauki wani zobe da na gama wa wani tela, ya juya shi a haske.

"Ke kika yi wannan?"

"Kai ka ce in yi."

"Na ce ki yi, amma ban san haka yake fitowa ba."

Na zaci aikina ya ƙare ke nan, kuma na yi mamakin yadda hakan ya sosa mini rai. Likita ya hana shi kusantar ƙura da tsakin ƙarfe na wani lokaci, don haka na ci gaba. Da lokacin ya wuce ya koma kan injin, sai ya zama aikin da ke da nauyi nasa ne, ƙananan da ke son ido biyu nawa. Ba mu taɓa zama mun raba ba, haka kawai abin ya daidaita.

Ashe unguwa ta daɗe da sani. Dada ce ta baza, don ta cikin katako take leƙe. Wata safiya ana yayyafi wani ɗan bensikin ya tsaya a ƙofa da wani ɗan ƙarfe a leda. Malam ya fita ya miƙa hannu zai karɓa. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya ce da Faransanci, "Baba, madam tana nan?"

Ina jin su daga madafa. Malam ya yi dariya har da tari, ya leƙo ya ce, "'Yar kawu, fito, ba ni ake nema ba." Na ce miya ce a wuta. Ya ce in ba shi ludayin. Na ba shi, na gaya masa kada ya ƙara gishiri, na ɗaure ɗankwalina na fita zaure.