Buzun da Ya Shiga Tafkin Korle

Duk mai cewa Ankara, birnin nan na bakin teku, ba ta da sanyi, a tudu yake kwana. Ya je ya shiga tafkin Korle har ƙugu da sassafe, a watannin da babban ruwan sama ya ɗauke, rana ta ɓuya a bayan gajimare, iska tana busowa daga teku, sannan ya dawo mu yi magana. Ni na san wannan sanyin tun ina yarinya, domin shi ya kashe ubana.

A lokacin zangonmu na Hausawa yana cikin gari, kusa da unguwar Tudu. Unguwannin Nima da Mamobi da ake ta kai da kawo a cikinsu yanzu, a wancan zamani daji ne, sai masu kiwon shanu. Ubana mutumin bakin kogi ne daga ƙasar Kabi, aikin soja ya kawo shi cikin Hausawan da Turawa suka ɗiba zuwa yaƙin Asante. Da aka sallame shi bai koma gida ba. Ya yi aure a zango, ya saƙa birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe a kan ruwa, ya koma sana'ar iyayensa. Karfasa yake kamowa daga tafki, uwata tana soyawa, ni ina talla.

Mutanenmu sun zo da dabarar sanyi guda ɗaya daga arewa, ita ce riga a kan riga. Can sanyi busasshe ne, dabarar tana aiki. Nan kuwa ruwa ake shiga. Ubana yakan sa taguwa, ya ɗora riga, ya ƙara wata, ya naɗe wuya, ya faɗa tafki da su duka. Auduga ta sha ruwa ta manne masa a ƙirji, iska ta bi ta kai, haka zai yi ta fama har hantsi ya wuce. Masunta 'yan ƙabilar Ga, 'yan asalin garin, suna shiga da ɗan bante, su bar busasshen zanensu a gaɓa. Shi kuwa ya ce Musulmi magidanci ba ya tuɓe riga a bainar jama'a. Wata shekara tari ya kama shi, ya sauka a haƙarƙari, bai ga ƙarshen sanyin ba. A wurin zaman makoki na ji dattawa suna yabon kunyarsa, wai ko a ruwa ba a taɓa ganin kafaɗarsa ba. Ina zaune a bayan uwata ina jin su, kamar in tashi in watsa musu ruwan tafkin a jiki.

Sai ga shi Allah ya haɗa ni da wani masuncin. Mijina shi ne saurayin da yake riƙe wa ubana gora a bakin ruwa, a hannunsa ya koyi jifa, a hannunsa kuma ya koyi riga a kan riga. Mutum ne mai sanyin hali, magana ba ta dame shi ba. Idan na yi faɗa sai ya yi murmushi ya ci gaba da ɗinkin ragarsa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Muna da 'ya'ya biyu ƙanana lokacin da ya fara tari. Na san tarin. Na dafa citta da kanumfari da masoro, na gasa masa ƙirji da tsumma, gari na wayewa ya mayar da rigunansa ya koma ruwa, duk wahalata ta bi tafki.

Wata tsohuwa 'yar Ga da muke karɓar kifi tare a gaɓa ta dubi mijina yana fitowa daga ruwa, riguna suna ɗiga, leɓɓansa sun yi fari. Ta taɓo ni, ta yi mini Hausarta irin ta bakin kasuwa.

“Mijinka ya sa kaya da yawa. Ruwa ba ya so kaya. In ka bari shi haka, shi mutu.”

Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa. Amma na san ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai shiga da bante ba, ni ma ban nemi haka ba. Abin da nake nema shi ne suturar da za ta rufe masa jiki ba tare da ta sha ruwa ba, rigarsa kuma ta jira shi a gaɓa a bushe.

Na fara daga ƙafa, domin ta nan sanyi yake hawa, ga ɓawon kawa, katantanwar ruwa mai kaifi, a ƙasan tafki yana yanka masa tafin ƙafa. Na je wurin wani baduku a Tudu na ce ya ɗinka mini huffi, safar nan ta fata, amma mai tsawo har cinya. Ya yi dariya har ya ajiye basillarsa, ya tambaye ni ko mijina doki ya saya. Na ce masa ya ɗinka kawai, ba shawara na zo nema ba. Fatar saniya ya fara ba ni, ta yi tauri, mutum ba ya iya lanƙwasa gwiwa a cikinta. Ta tunkiya kuwa laushi gare ta, amma ruwa yana ratsa ta. Ta akuya ce ta yi, muka sa ta saniya a tafin ƙafa kaɗai. Na kawo su gida na bi ɗinkin da kakin zuma, na shafe su da man kaɗe har suka ƙi shan ko ɗigo. Ranar farko bakinsu ya yi faɗi, mijina ya taka rami, ruwa ya cika su, da ƙyar ya jawo kansa gaɓa.  Na mayar wa baduku, aka tsuke bakin, aka sa igiyar da za ta kama ɗamara.

Sai kuma suturar sama. A ƙasan akwatin uwata akwai bargon sojan ubana, na gashi, asu ya ci gefensa. Na lura tun ina yarinya cewa ko ya jiƙe ba ya yin sanyin auduga. Na yanka shi na ɗinka 'yar taguwa marar hannu. Ta taimaka, amma iskar teku tana ratsa saƙar, tarin bai tafi ba. Abin da ƙirjinsa da bayansa suke bukata fata ce mai gashi, gashin a ciki, fatar tana tare iska a waje. A daidai wannan lokaci aka yi babbar salla, domin a shekarun nan layya tana faɗowa ne a bakin sanyi.

Ga yadda al'adar gidansu take. Mijina yana da wa, falken goro ne, mai faɗa a ji a zango. Duk shekara fatar ragon layyar kowane ɗan gidan wurinsa take zuwa, ya sa a jeme ta da gashinta ta zama buzu, ya kai wa limami ko wani babban malami da sunan gidan. Tun zamanin ubansu ake haka, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ragonmu na wannan shekarar fari ne, mai gashi sosai, ni na yi kiwonsa da dusa da ɓawon rogo. Aka kai fatar wurin majemi a wajen unguwar Agbogbloshie kamar kullum. Ranar da na ji ta yi, na yafa mayafina na riga kowa zuwa. Na ce wa majemin daga gidan aka aiko ni, kuma ba ƙarya na yi ba, ni ma 'yar gidan ce. Na dawo na shimfiɗa ta a tsakar ɗaki, na sa aska na tsaga tsakiyarta inda kai zai shiga, na huda gefe da gefe na zura igiya. 

Da mijina ya ga abin da na yi, sai ya zauna a bakin gado. Can ya tambaye ni me zai gaya wa yayansa. Na ce ya gaya masa matarsa ce marar kunya, kowa zai yarda. Na gaya masa kuma cewa na riga na ga yadda riga take kashe mutum, ba zan zauna in ga na biyu ba, in ya fi son yabon dattawa a gidan makoki ya faɗa mini tun yanzu in san inda zan kai 'ya'yana. Na yi kuka a ranar, kukan haushi.

Da asuba ya bar ni na shirya shi. Na shafe masa jiki da man kaɗe, ya sa gajeren wando da ya wuce gwiwa, ya zura huffin, ya sa taguwar bargo, na ɗaura masa buzun. Ya ɗora babbar rigarsa a kai don tafiya cikin gari, a gaɓa ya tuɓe ta na ninke a cikin ƙwarya na rufe da faifai. Masunta suka yi ta dariya, wani yana kukan rago duk lokacin da ya jefa birgi. Kafin azahar labari ya zagaye zango. Mata a bakin rijiya suna tambayata ko za a sake yanka shi baɗi. Na ce musu nawa ragon dai yana kawo kifi, su faɗa mini abin da nasu yake kawowa. Cikin 'yan kwanaki tarin ya fara sassauci, yana barci har safe.

Wan mijina ya zo gida da yamma, ya cika yana batsewa. Bai ko dube ni ba, ƙaninsa ya yi wa magana alhali ni yake nufi. Ya ce abin salla aka kai cikin taɓo da ƙarni, ya riga ya yi wa limami alkawari, an kunyata gidan ubansu. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce:

“Yaya, limami yana da buzu fiye da ɗaya. Ƙaninka ƙirji ɗaya gare shi.”

Ya ce ba da mace yake magana ba. Ya umarci mijina ya kawo fatar gidansa kafin Juma'a, ko a tsage ko a huje, a ƙone ta ma ya fi a ga ɗan gidansu cikinta. Mijina ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Tunda aka haife shi bai taɓa yi wa wansa musu ba. Na san haka, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Juma'a ta zo bai kai ba. Washegari da hantsi ina gaɓa da ƙwaryata sai ga wan mijina tafe da dattawa biyu, suna ɗage rigunansu saboda laka. Ya tsaya a bakin ruwa ya kira ƙaninsa. Mijina ya naɗe birginsa ya fito a hankali, ya gaishe su, sai na ga ya kai hannu yana kwance igiyar buzun.  Na ce a raina shi ke nan, wahalata ta tashi a banza, zan koma dafa citta har ranar da za a zo yabonsa.

Ya cire shi, ya kaɗe. Ruwa bai kai gare shi ba, a bushe yake. Maimakon ya miƙa, sai ya taka zuwa kan busasshen yashi, ya shimfiɗa shi, ya karɓi rigarsa daga ƙwaryata ya sa, ya fuskanci gabas ya tayar da sallar walaha. Ba mai iya janye buzu daga ƙarƙashin mai salla. Suka tsaya cirko-cirko, iska tana kaɗa musu riguna, ɗaya daga cikin dattawan har ya fara rawar ɗari. Da ya sallame ya yi addu'a, ya tuɓe rigar ya miƙo mini, ya ɗauki buzun ya zura kansa a tsagar.

“Yaya, ka yi haƙuri,” ya ce. “Ya yi aikin da kake so. Yanzu zai yi nata.”

Ya juyo mini da bayansa in ɗaure masa igiyar. Na ɗaure ta tamau a gaban idonsu, ya koma ruwa.

Wansa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma har ya bar duniya bai ci kifin da na soya ba. Aka yi ta aiko mini in je in ba shi haƙuri, ban je ba. Da za a mayar da ni wannan rana, askar nan zan sake ɗauka. Mijina ya ga ƙarshen wannan sanyin da na bayansa masu yawa, ya aurar da 'ya'yansa, ya yi furfura, ya rasu a kan gadonsa cikin zafin bazara. A wurin makokinsa ba wanda ya yabi kunyarsa, wasu ma suna ta tuna kukan rago suna danne dariya. Ban damu ba. Buzun yana nan wurina, gashin ya zube, na ɗinke tsagar da zare, a kansa nake salla. Idan na yi sujada goshina a kan ɗinkin yake sauka.