Jar Shinkafar Inna

Ina kan keken ɗinki da hantsi, a shagona da ke bakin titin Kankiya, wayar ƙanena Sani ta shigo. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Yaya, ki taho gida. Inna ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na miƙe, na koma na zauna, na sake miƙewa. Maƙwabciyata ce ta rufe mini shago ta saka ni a mota. Har muka isa Bauranya ban iya jingina bayana da kujera ba, kuma daga ranar zuwa yau zama bai karɓe ni ba.

Mahaifiyata, Malama Hajara, wadda yara da manya ke kira Inna, ba mai yawan magana ba ce. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya zama ajalinta. Masu zuwa ta'aziyya sun faɗi alherinta iri-iri, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni abin da na fi ganin halinta a cikinsa tukunya ce ƙarama, wadda ta yi shekaru tana ɗorawa saboda mutum guda.

Tun da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, ya hana shi farar shinkafa, gidanmu ya shiga wani hali. Baba mutum ne da in ba shinkafa ya ci ba, gani yake da yunwa ya kwana. Aka ce ja, wadda ba a goge ba, zai iya taɓawa kaɗan. Inna ta dafa masa ita yadda ake dafa fara, ta fito da tauri, ya ture kwanon. Ta ɗauke kwanon. Ta yi ta gwadawa, yau ta caɓe, gobe ta ƙone, har ta gano hanyarta.

Da kanta take kai shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, wurin mai inji, ta tsaya a kansa ya cire ɓuntu kawai, kada ya taɓa jar fatar. Ta rege ta sosai, ta jiƙa tun safe, ta tsane a kwando. Sai ta soya albasa a ɗan man gyaɗa, ta zuba shinkafar a ciki tana juyawa har ƙamshi ya tashi kamar na gyaɗar da ake toyawa. Sannan ta kwara romon ƙashi mai zafi, da daddawa da citta da kanumfari, ta watsa zogale a sama. Ta janye itacen ta bar garwashi, ta rufe, ta ɗora dutse a kan murfin, ta jawo kujera ta zauna. In na kai hannu zan leƙa, sai ta ce, "Bar ta. Ita ma aiki take, kada ki katse ta."

Mata sun yi surutu. Wasu suka ce rowa ce ta sa Hajara ke ba maigidanta abincin kaji. Da maganar ta dawo kunnenta, cewa ta yi, "Su hwaɗi. Ni dai Malam ya kwana lahiya." Kuma ba ta taɓa zuba wa kanta fara shi yana cin ja ba, ko ranar salla. Na tambaye ta dalili sau ɗaya, ta ce, "Abincin magani in mutum guda ka cin shi, ɗaci garai."

Da aka kai ta makwancinta aka dawo, maƙwabta suka yi abin da aka saba. Gidan rasuwa ba ya hura wuta, sai kwanuka suka yi ta shigowa. Kowace mace ta fito da mafi darajar abin da take da shi, wato farar shinkafa tas, da taliya, da miya mai maiƙo. Allah ya saka musu da alheri, karamci suka yi. Amma Baba yana zaure cikin maza, ana ajiye masa kwano a gaba, kunya ba za ta bar shi ya ce ba ya ci ba, tsoro kuma ba zai bar shi ya ci ba. Sai ya sa hannu ya ɗan motsa, ya tura wa na kusa da shi, ya sha ruwa. Washegari da azahar Sani ya shigo ya raɗa mini cewa Baba ya galabaita, da kyar ya riƙe buta.

Ina zaune kan tabarma cikin mata, ana ce mini ya haƙuri, ina amsawa, hankalina yana zaure. Na tashi na shiga ɗakin Inna, na fito, na koma. A bayan ƙofa na iske ɗan buhunta na jar shinkafa, bakinsa a ɗaure. Na ɗauko ke nan Goggo Rabi, yayar Baba, ta tare ni.

"Ina za ki da wanga abu?"

"Girki zan ɗora wa Baba, Goggo."

"Wuta a gidan ga yau? So kike a ce maƙwabta sun kasa ciyar da mu? Kuma ki rasa mi za ki hidda gaban baƙi sai jar shinkahwa?"

Na durƙusa na ce, "Goggo, tun jiya bai sa komai a cikinsa ba. Mun rasa ɗaya, ina tsoron kada mu rasa biyu."

Ta dubi buhun, ta dube ni. Can ta ce, "Ki tahi bayan rumbu, inda hayaƙi ba ya kai ma mutane. In ta dahu ni zan kira shi ciki."

A bayan rumbu na haɗa duwatsu uku. Babu lokacin jiƙo mai tsawo, babu romo sai wanda na tsiyayo daga kwanon wata maƙwabciya. Da ƙamshin suyar ya tashi, kuka ya ci ƙarfina, don ƙamshin Inna ne sak, ita kuwa tana ƙarƙashin ƙasa. Na rufe, na ɗora dutse. Zaman nan ne ya gagare ni. Na kewaya rumbu, na leƙa tsakar gida, na dawo, na buɗe murfin, na ga kamar ruwan ya yi kaɗan na ƙara. A nan na san zaman da Inna take yi gaban garwashi ba hutu ba ne, haƙuri ne mai wuya, kuma kullum sai ta yi shi.

Goggo ta shigo da Baba ɗakinsa bayan la'asar. Na ajiye kwanon, na buɗe. Ya daɗe yana kallonsa bai taɓa ba, har na fara tunanin ɗaukewa. Sai na wanke hannu na zauna a gefe, na ɗebi loma na kai baki. Ya dube ni. Ya yi bisimilla ya sa hannu. Ya ci a hankali, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Da ya kusa rabi ya tsaya ya ce, "Ta yi ruwa, ɗiyata. Gobe ki rage."

Na ce to, Baba. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai ranar, domin mutumin da ya ce gobe, ya yarda zai ci goben.

Har yanzu ina Bauranya, shagona a rufe, maigidana ya yi mini izini in ƙara kwanaki. Ina koya wa matar Sani, mu biyu muna tsare juna kada wata ta taɓa murfi. Ranar da zan koma Kankiya ban san yadda zan iya juya baya ba.

Ya Allah, ka ji ƙan Inna, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da bawanka ba tare da gori ba. Ka ba Baba lafiya da juriyar rashinta. Mu da ta bari, ka ba mu haƙurin da za mu riƙe shi da shi, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.