Koren Ƙulli a Cikin Tanki

A ƙarshen layin masu gyaran mota, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wata rumfar kwano mai dogon benci da tsohuwar kujerar mota da aka jingina da bango. Nan ne wurin aikin wani dattijo mai gyaran wutar mota, wanda kowa yake kira Mai Ƙulli. Laƙabin ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tasa: duk wayar da ya gyara, sai ya ɗaure ta da siririyar koriyar waya, ya ƙulle, ya bar 'yar jela tana reto. Yakan ce salatif na masu gaggawa ne. Idan wani bakanike ya buɗe mota ya ga koren ƙulli, ba ya taɓa wurin, domin ya san hannun da ya wuce ta nan.

Yana da ƙa'idar da direbobin layin suka haddace saboda yawan ji. In allurar da take nuna yawan mai ta rikice, a fara da fis, ɗan abin nan da yake ƙonewa in wuta ta yi yawa, a bi waya, a gwada allurar, sannan a buɗe tanki. "Wanda ya yanke hukunci bai duba ba," in ji shi, "boka ne, ba mai gyara ba."

Matarsa tana da ƙane, wani siririn mutum mai barkwanci da ake ce wa Dogo. Mai Ƙulli ne ya samo masa aikin tuƙa motar rabon burodi a wurin wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata gidan burodi, wadda ake kira Mai Burodi. Kullum Dogo ya gama rabo sai ya biyo ta rumfar, ya ajiye wa yayarsa burodi mai ɗumi, ya tsokani mijinta.

"Yaya, ranar da ka cika, da koriyar waya za mu ɗaure likkafanin."

"Kai kuwa sai an haɗa biyu an ɗinke, saboda tsawon banza."

Wata rana famfon man motar burodin ya mutu. Mai Ƙulli ya buɗe tanki ya sa sabo, ya tattara wayoyin famfon ya ɗaure su yadda ya saba, ya rufe. Mota ta tashi lafiya. Amma tun daga lokacin, duk safiyar da aka aiki Dogo ya cika tanki, sai ya dawo allura tana tsaye a rabi. Ya ce ya cika, allura ta ce bai cika ba.

Mai Burodi mace ce mai tsoron ɗaukar alhaki. Ba ta yi wa Dogo magana ba sai da ta zo rumfar da kanta. Ta iske benci cike da direbobi, Mai Ƙulli kuwa yana kishingiɗe a kujerarsa yana ba su labarin wata mota da ta gagari gari shi ya gano ciwonta.

Ta gaishe shi, ta rage murya. "Baba, tambaya na zo yi. Allurar man nan, anya ba ta da matsala? Ba na son in zargi bawan Allah a banza."

Da ita kaɗai ce, wataƙila da ya tashi. Amma idanun benci duk suna kansa, kuma tambayar ta yi masa kama da an ce aikinsa ne ya ɓaci. Bai ko gyara zama ba.

"'Yata, hannun nan ne ya shiga tankin nan. Allura ba ta san ƙarya ba, mutum ne ya san ta."

Wani direba ya yi dariya, wani ya ce, "Dogo kuma?" Kafin la'asar maganar ta zaga layin. Mai Burodi ta karɓi makullinta ba tare da hayaniya ba, ta sa wani direban.

Dogo ya daina zuwa. A gida matar Mai Ƙulli ta sauya masa fuska. Takan ajiye masa abinci ta koma ɗaki, sai dai ƙarar kwano a kan tabarma ta fi ta da. Sau ɗaya kawai ta yi magana, tana juya masa baya: "Malam, ni na goya yaron nan. Ko allurar ɗinki bai taɓa ɗauka ba." Ya ce shi bai kira sunan kowa ba. Ta ce ai ba sai an kira ba.

Ana nan sai ga motar burodi ta tsaya a bakin rumfa da hantsi, Mai Burodi a gaba, fuskarta ba walwala.

"Baba, yau ni na je gidan mai. A gabana aka zuba har ya tumbatso ya jiƙa mini takalmi. Ga allurarka can a rabi."

Wannan karon ya tashi. Ya zare fis ya ɗaga shi sama ya duba: lafiya lau. Ya so ƙwarai a ce fis ɗin ne. Ya bi waya tun daga gaban mota har baya yana shafawa da yatsa, ko zai ji inda ta tsinke ko ta ci tsatsa, bai ji komai ba. Ya ɗage murfin da yake bisa tanki, ya cire wayar da take kai wa allura labari, ya ce wa sabon direban ya murɗa makulli. Da ya taɓa bakin wayar a jikin ƙarfen motar, sai direban ya ce, "Ta haura, Baba! Ta kai ƙarshe!"

Allura lafiyarta ƙalau, waya ma haka. Wuri ɗaya ya rage, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa shiga wurin.

Ya sa aka kashe mota, ya kwance famfon ya zaro shi a hankali, mai yana ɗiga. A jikin famfon akwai wani siririn hannu na ƙarfe mai ƙwallo a bakinsa. Ƙwallon yana iyo a kan mai, in mai ya ƙaru ya ɗaga hannun, allura ta bi shi. Ya tura hannun sama da yatsa. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak a rabi. Abin da ya tare shi kuwa 'yar jelar koren ƙulli ce, ta lanƙwashe ta maƙale a hanyarsa.

Ya daɗe a durƙushe. Bayansa ne yake fuskantar benci, babu wanda ya ga abin da ya gani. Filaya tana kusa da gwiwarsa. Cizo ɗaya, sai ya ce ƙwallon ne ya tsufa, a wanke Dogo, shi ma ya fita da rigarsa fara. Har ya ɗauki filayar. Sai ya tuna cewa matar nan ta zo ta tambaye shi tun kafin ta yi hukunci, kuma a gaban mutanen nan ya ba ta amsa.

"Baba, me ka gani?" in ji ta.

Ya miƙe da famfon a hannu, ya juyo wajen benci. Bai iya duban kowa ba. Ya ɗaga hannun ƙarfen har ya bugi ƙullin, ya sake ɗagawa, domin kowa ya gani.

"Ga ɓarawon manki," ya ce. "Ni na ɗaure shi."

Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Direban da ya ce "Dogo kuma?" ya sunkuyar da kai yana wasa da makullinsa. Mai Burodi ta dafe ƙirji tana salati, ta ce yanzu da wane ido za ta dubi mutumin.

"Ni zan fara dubansa," in ji Mai Ƙulli.

Ya gama aikin, allura ta haura ta tsaya a cike. Ya sa guntun wayar da ya yanke a aljihu, ya tafi da ƙafa, ko hannu bai wanke ba. Ya iske Dogo a ƙofar gida yana facin tayar keken 'yarsa. Dogo ya gaishe shi cikin ladabi irin na baƙo, babu tsokana, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mai Ƙulli ya ajiye koren ƙullin a kan sirdin keken, ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba.

Dogo ya juya wayar a tafin hannunsa.

"Yaya, kuskuren ƙulli ba komai ba ne, hannu ne. Korar ma ban riƙe ta ba, baiwar Allah ta yi tambaya tukuna. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da aka ce ko tashi ba ka yi ba. Daga kujerarka zuwa motar nan taku nawa ne?"

Mai Ƙulli ya sunkuyar da kai. Ya tsaya yana kallon baƙin man da yake ƙarƙashin faratansa, har Dogo ya ji nauyin ganin furfura a sunkuye, ya jawo masa kujera.

Dogo ya koma bakin aikinsa, bayan Mai Burodi ta zo har gida ta ba shi haƙuri. Mai Ƙulli bai daina ƙulli ba, domin hannun da ya tsufa a kan abu ba ya sakinsa, sai dai yanzu yana datse jelar har gindi. Tsohuwar kujerar ma tana nan, amma da wuya a same shi a kanta. Koren ƙullin kuwa Dogo ya ɗaura shi a jikin makullin motar. Duk ranar da ya kawo ta gyara, sai ya miƙa makullin a gaban benci, ya ce, "Yaya, a zaune za a duba ta, ko a tsaye?"

Mutane su yi dariya. Shi kuwa dattijon ba ya ramawa. Yakan karɓi makullin ya nufi motar, ya fara da fis.