Injin da Ya Koyi Rawa

Malam ya ce zai sayar wa 'yan gwangwan injina, kuma a gaban mutane ya faɗa. Injin bugun masara ne, awakina na sayar na saye shi. Laifinsa ɗaya. Da kaka ta yi muka fito da shi daga rumfar da ya yi damina, ana tayar da shi ya kama rawa. Ba 'yar karkarwa ba, tafiya yake a tsakar gida kamar an buga masa kalangu, har agwagi suka watse. Maigidan nawa ya ce kafin ya karya wani, ranar kasuwar Funtuwa za a kai shi.

Ƙaninsa, wanda ke kai mini injin gonaki, ya shigo yana ƙyaƙyatawa.

"Matar yaya, bar shi haka mana, mu riƙa ba da hayarsa gidan biki."

"Kai za a bayar, mai ƙafar tabarya. Ɗauko sifana."

Ƙanin Malam ya rantse boris ne, wato ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce iskoki ne, a yi hayaƙi. Ni kuwa da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma can na ga ba a haɗiye layi gaba ɗaya, baƙi-baƙi ake bi. Na ce haka za mu bi injin nan.

Muka cire bel, muka tayar da kan injin shi kaɗai, na ɗora masa kwano cike da ruwa. Ruwan ɗan motsi kawai yake. Na ce wannan ba shi da laifi. Muka mayar da bel, na riƙa matsar da kwanon. Wajen mazubin masara ruwan na rawa kaɗan. Ina kai shi kusa da fuli, ƙafar da bel ke juyawa, sai ya yi tsalle ya wanke wa ƙanin Malam fuska.

"Alwala ta samu," na ce, "saura salla."

Ya ɗaure notuna, rawa na nan. Muka kashe, na taɓa boris, ba zafi, ba ya girgiɗi. Sai na sa ya sake cire bel, na shata wa fuli alama da gawayi, na juya shi da hannu. Ya tsaya, alamar na ƙasa. Na kuma, ta dawo ƙasa. Duk juyin da na yi nan take komawa. Ashe gefe guda ya fi nauyi!

Na zura hannu ta bayan fulin, na ji laka ta bushe ƙam. Zanzaro ne ya yi gini a ciki, ɗaki kan ɗaki, unguwa guda. Dariya ta zaunar da ni a ƙasa. Muka kankare da wuƙa, muka tayar. Kwanon ya zauna daram, ruwan ko ɗigo bai zuba ba. Na rangaɗa guɗa, maƙwabciya ta taya ni ba ta ma san dalili ba.

Da Malam ya dawo daga la'asar na ajiye masa kwano a rufe. Ya buɗe, ya ga laka.

"Wannan fa?"

"Shi za ka kai wa 'yan gwangwan."

Ya yi ta gyaran murya, gemunsa na rawa, bai sake zancen kasuwa ba.

Washegari da sassafe na sa aka ɗora injin a amalanke zuwa wata gona a hanyar Dayi, na haye gefensa da kwanona a cinya.