Maharazu Jibo, Jagoran da Aka Rubuta wa Suna Baƙo

"Inna, baƙon nan da ke zaure, yaushe zai koma gidansu?"

Wata yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Zuwaira ce ta yi wa mahaifiyarta wannan tambaya a garin Kwaya, da kakar shekarar 1933, ana cikin sussukar gero. Mutumin da take nufi mahaifinta ne, kuma ya ji ta, domin zana ɗaya ce ta raba su. Ga tarihin rayuwarsa, kamar yadda iyalinsa suka kiyaye shi.

Haihuwa da nasaba

An haifi marigayi Maharazu a shekarar 1899 a garin Kwaya, cikin ƙasar Magarya. Sunan mahaifinsa Jibo, manomin gero ne da ke fatauci da jakuna idan rani ya yi. Sunan mahaifiyarsa Laraba, mutuniyar Sassumbrum. Shi kaɗai ne ya rayu a cikin 'ya'ya biyar da Allah ya ba su. Ya fara karatun allo a wurin limamin unguwarsu, a nan ne kuma ya koyi rubutun ajami, wanda bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1914, lokacin yunwar da ake kira Kakalaba, iyayensa biyu suka rasu, wata guda tsakani. Ya bi ayarin masu neman hatsi zuwa Damagaram, ba shi da kowa a cikinsu.

Karatu da yadda sunansa ya sauya

A shekarar 1915 Nasara suka nemi yaran da za a sa a lakwal, wato makarantar boko, masu gida kuwa suka ɓoye nasu, suka tura marayu. Wani gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya tasa Maharazu daga bakin kasuwa har ƙofar biro, ofishinsu ke nan. Da Banasaren da ke rubuta sunaye ya tambayi ko wane ne wannan, gardin bai san shi ba, sai ya ce, "Baƙo ne." Banasare ya ɗauka sunan ke nan, ya rubuta. Yaron bai jin Faransanci balle ya gyara, kuma abin da ya shiga takardar Nasara a wancan zamani ba ya fita.

Shekara uku ya yi a lakwal. Ya fito da Faransanci mai kyau da kuma sunan da ba nasa ba.

Aikin jagora

Daga shekarar 1921 aka ɗauke shi jagoran baƙin da ke zuwa ganin ƙasa: masu auna hanya, likitoci, mafarauta, da waɗanda ɗaukar hoto kawai ya kawo su. Shekara talatin ya yi a kan wannan aiki, da raƙumi, da kwalekwale, daga baya da mota. Ya iya Barbarci da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Buzaye, ban da Hausa da Faransanci.

Waɗanda suka yi tafiya da shi sun ce yana da jawabi guda da yake yi wa kowane baƙo kafin a ɗaura kaya. Yakan kira baƙon mushe, wato maigida da Faransanci, ya ce: "Mushe, abin da kuke kira Nijar a takarda, ƙasa huɗu ce aka ɗinke. Ta farko ƙasar gero, daga Dungas har Maraɗi, inda ba ka wuni ba ka ga rijiya ba. A nan ka ci rake a fadama, ka ga kasuwa kowace rana a wani gari. Ta biyu ƙasar kogi, can yamma wajen Yamai da Gaya, akwai shinkafa da kifi da dorina, kuma raƙuman dawa na tsallake hanya kamar awakin gida. A can ka ce fofo, gaisuwarsu ke nan, a buɗe maka ƙofa. Ta uku ƙasar dutse, Abzin, inda za ka hango hasumiyar Agadas tun kana da tafiyar rabin wuni, a ba ka cuku da shayi sau uku, kada ka tashi a na biyu. Ta huɗu yashi, har Bilma, gishiri da dabino; wannan ba a shigarta sai da sanyi, kuma ba a shigarta da gardama. Gabas kuma akwai tafkin Cadi, shi ba na kowa ba ne, bana yana nan, baɗi ya ja baya. Can gaisuwarsu wushe."

Daga nan sai ya bi da gargaɗi: a cika salka kafin a tambayi nisa, kada a ɗauki hoton mace ba izinin gidansu, kada a wuce gari ba a gai da mai gari ba. An tabbatar cewa a duk tsawon aikinsa bai taɓa rasa ran baƙo ko ɗaya a hanya ba.

Aure da haihuwa

A shekarar 1924 ya auri Hinda, 'yar Mutari mai saƙar tabarma a Dungas, ya gyara kangon mahaifinsa a Kwaya ya ajiye ta. A shekarar 1926, yana kan hanyar Yamai lokacin da aka mai da babban birnin ƙasa can daga Damagaram, Hinda ta haifi 'yarsu ta fari, aka sa mata suna Zuwaira. Bai ga jaririyar ba sai da ta fara rarrafe. Bayanta aka haifi Saminu a 1929, Isufu a 1932, da Ramatu a 1936.

A al'adar mutanen wannan ƙasa, iyaye na jin kunyar ɗan fari: ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi a gaban jama'a, ba sa nuna shi nasu ne. A gidan da uba ke kwana kullum, wannan ba ya ɓata kome, domin yaro na ganin wanda ke buɗe rumbu. Maharazu kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya yi kwana goma ko ashirin. Yakan ɗauki Saminu a kafaɗa, ya goya Isufu a kan doki, amma idan Zuwaira ta gitta sai ya kau da kai, kamar yadda aka koya masa mutumin kirki ke yi. Duk gari Baƙo suke kiransa. Yarinya ta ji, ta gani, ta haɗa lissafinta.

Bai taɓa dawowa babu tsarabar Zuwaira ba: kantun gishiri daga Bilma, abin wuya na azurfa daga Agadas, ƙaramar tabarma daga bakin tafki. Amma da hannunsa ba zai miƙa ba, sai ya ba Hinda. Hinda ita ma tana cikin tata kunyar, sai ta ajiye a gaban yarinya ta ce, "Ga shi, in ji Baƙo."

Ranar da Zuwaira ta yi waccan tambaya, Hinda ta ɗaga taɓarya ta ce, "Ke, rufe mana baki, ki kai masa ruwa." Yarinya ta ɗauko ƙwaryar baƙi, mai zane, wadda ake rufewa da faifai, ta durƙusa ta ajiye. Ya sha, ya ce an gode. Kwana uku bayan haka ya tafi Agadas. Zuwaira ta fahimci gaskiya da ta ƙara wayo, amma bakinta ya riga ya saba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ga abin da za ta kira shi.

Shekarun kaɗaici

A shekarar 1943 Zuwaira ta yi aure a Dantchiao. A shekarar 1944 Hinda ta rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, shi kuwa yana Bilma da wasu masu auna rijiyoyi. Labari bai same shi ba sai bayan wata huɗu. Dangin uwa suka ɗauki Ramatu zuwa Dungas, Saminu da Isufu suka tsallaka iyaka wurin kawunsu a Kano.

Akwai wata Fanta, Babarbariya mai tuwo a Gure, wadda ta saba tsokanarsa duk lokacin da ya sauka. A wannan shekara ta ce masa, "Kai Baƙo, rijiya ɗari ka sani a ka, hanyar gidanku fa, ka san ta?" Ya ce, "Na sani, Ya Fanta. Mai buɗe ƙofar ne babu." Ta ce daga ranar ba ta sake yi masa wannan wasa ba.

A shekarar 1951 idanunsa suka yi rauni, taswira da direbobi suka maye gurbinsa, aka sallame shi. Ya tarar gidan Kwaya ya rushe, sai ya kama ɗaki a Magarya kusa da inda ake loda gyaɗa. Direbobin kamyo, wato manyan motocin kaya, kan tsaya su tambaye shi hanya, ya faɗa musu har inda yashi ke riƙe taya. Duk ƙarshen wata yakan hau jaki ya tafi Dantchiao, ya zauna a zauren surukinsa, Zuwaira ta aiko da ruwa da fura, ta gaishe shi daga bayan ƙofa, ya amsa, ya juyo kafin la'asar. Shekara bakwai ana haka. Shi yana jiran ta fara, ita tana jiran ya fara.

Rasuwa da jana'iza

A farkon shekarar 1959 ciwo ya kwantar da shi, ganinsa ya tafi gaba ɗaya. Maƙwabta suka aika Dantchiao. Zuwaira ta iso da hantsi, ta yi sallama ta durƙusa a bakin tabarma. Ya ce, "Wace ce?"

Sunanta bai taɓa shiga tsakaninsu ba, kalmar Baba kuwa ba ta taɓa fita daga bakinta ba. Sai ta ce, "Baƙuwa ce, daga Dantchiao."

Ya ce, "Maraba. A ba baƙuwa ruwa."

Ta yi jinyarsa kwana biyu. Allah ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na wannan shekara, bayan sallar azahar, yana da shekara sittin. Aka yi masa sutura aka binne shi a maƙabartar gabas ta Magarya. Direbobi da 'yan dako ne suka fi yawa a sahu. Da liman ya tambayi sunan mamaci don addu'a, sai da aka aika cikin gida wurin 'yarsa, domin ba wanda ya san shi da suna Maharazu a wajen.

A cikin gafakarsa aka sami takardu sittin da biyu na ajami, bayanin ƙasar nan gari bayan gari, da rijiyoyi da gaisuwa da abin da ake ci. Zuwaira ba ta karatu, sai liman ya karanta mata ranar sadakar uku. Kowace takarda da kalma ɗaya ta fara. "Zuwaira, in kin je Agadas, ki sha shayin har na uku." "Zuwaira, in kin je bakin kogi, kada ki wanke ƙafa inda ruwa ya yi shiru." Ta ƙarshe gajeriya ce: "Zuwaira, in kin je Kwaya, gidan da ke bayan tsamiya namu ne." Ba ta taɓa wuce Damagaram ba har ta koma ga Allah.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Zuwaira a Dantchiao, Saminu da Isufu a Kano, da Ramatu a Dungas, tare da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.

Kai mai karatu, idan sana'arka ta hanya ce kuma kana da ɗan fari a gida, kunya ta tsaya a gaban mutane. Kafin ka ɗaura kaya, ka kira yaron nan da sunansa, ka sa masa tsaraba a hannu da hannunka, ka ce masa ni ne ubanka. Kada ka bar masa shi a takarda, wani ya karanta masa bayan an rufe ka.